Ban Ruwa A Lambun Tarayya

Ina gaishe ku, dattawa da samari, mutanen Unguwar Lalle da na ƙauyukan da ke kewaye da ita, da dukan wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa a ƙasar Sabon Birni da ta Isa. Ina yi muku barka da ƙoƙari, gama mutum ya girma, ya yi iyali, sa'an nan ya zauna ya koyi karatu da rubutu, ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da na ke so mu yi magana a kansa yau shi ne ban ruwa a lambu, ko kuwa garka, kamar yadda a ke cewa a nan Gobir. Lambun da na ke nufi shi ne na tarayya, watau wanda mutum goma ko ashirin suka haɗa kai suka yi, rijiyarsu ɗaya, shingensu ɗaya, amma ko wane da nasa yanki a ciki. Irin wannan lambu yana da albarka ƙwarai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma kuma ya fi ko wane iri saurin lalacewa, abin da ke kashe shi kuwa galibi rikicin ruwa ne. Wannan ya ce yau ranarsa ce, wancan ya ce tasa ce, kafin a gama gardama albasa ta ƙone, zumunci kuma ya tsinke. Ga kuɗin iri ya tafi, ga bashin taki a wuya, ga iyali na jiran cefane. Saboda haka ku saurara, ko a sami abin da zai amfane ku.

ƘASARMU DA RUWANTA

Ku fara duban inda Allah Ya ajiye mu. Gulbin Maraɗi ya taso daga ƙasar Katsina, ya shiga ƙasar Nijar, ya wuce Maraɗi da Tsibiri, ya komo Nijeriya ta wajenmu. Bunsuru da Gagare sun zo daga kudu, ta ƙasar Isa. Waɗannan ruwaye su ne suka taru suka zama Gulbin Rima, wanda ya gangara Goronyo da Wurno, ya sadu da Gulbin Sakkwato, ya wuce Argungu, har ya faɗa Kwara. Kakanninmu sun san darajar wannan gulbi, shi ya sa Alƙalawa, babban birnin Gobir har zuwa 1808, a gefensa aka gina ta.

Ruwan sama a ƙasarmu kamar wata huɗu ya ke yi, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran watanni takwas sai rana da iska. Da rani gulbi ya kan janye, wani wuri har ya zama rairayi, amma ruwan bai tafi duka ba. Yana nan kwance ƙarƙashin fadama, kamar hatsi a rumbu. Damina ce ke cika wannan rumbu, rijiyoyinmu ke ɗiba. In damina ta yi kyau, a sami ruwa kusa. In ta gaza, kamar yadda ta gaza a farin 1973 da na 1984, sai ruwa ya yi nisa, guga ya komo da laka.

Kada kuwa ku ce babban ruwa ba ya ƙarewa. Madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, tafki ce mai girman gaske. A daminar 2010 ta cika har aka buɗe ƙofofinta, ruwa ya ci gonaki da garuruwa. Ita ɗin ce kuma da ranin 2018 ta janye har hankalin mutanen Sakkwato ya tashi. To, in abin da gwamnati ta gina ya kan yi haka, ina ga 'yar rijiyar lambu?

Dā da jigo a ke ban ruwa, irin wanda mutanen Masar suka yi dubban shekaru suna ɗebo ruwan Nilu da shi. Jigo ba ya ɓarna, gama ƙarfin mutum ke jansa, wanda ya gaji kuwa ba ya zubad da ruwa a banza. Daga wajen 1993, sa'ad da aka soma Shirin Fadama na ƙasa da taimakon Bankin Duniya, gajeriyar rijiyar burtsatse da ƙaramin injin fetur suka yawaita cikin fadamun Arewa. Aiki ya yi sauƙi, lambuna suka yi faɗi. Amma inji ba ya gajiya, ba ya kuwa jin kunya. Mutum ɗaya ya iya shanye rabon mutum huɗu kafin hantsi. Don haka zamanin inji ya fi zamanin jigo bukatar doka.

RUWA NAWA SHUKA KE SHA

Ba a raba abin da ba a auna ba. Bari mu yi lissafi kaɗan, tun da yanzu kun san lambobi.

Mita ɗaya kamar babban taku ɗaya ne na namiji. Mu ce fangali, ko komi, yana da mita 2 a tsawo, mita 2 a faɗi. Girmansa ya zama murabba'in mita 4. Masanan aikin gona sun auna sun ga, a ƙasa mai zafi irin tamu, shukar da ta rufe ƙasa da ganye ta kan sha kamar lita 5 a ko wane murabba'in mita ko wace rana a lokacin ɗari. Da bazara kuwa, cikin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ta kan kai lita 7 ko 8. Ashe fangali ɗaya na bukatar lita 20 kullum da ɗari, watau jarka ɗaya mai cin lita 20. Da bazara yana bukatar wajen lita 30, jarka ɗaya da rabi ke nan.

To, mu ce ku 12 ne a lambunku, ko wane da fangali 20. Mutum ɗaya na bukatar lita 400 kullum da ɗari, ku duka lita 4,800. Da bazara mutum ɗaya na bukatar lita 600, ku duka lita 7,200. Wannan shi ne abin da shuka ke sha da kanta. Sai ku ƙara wanda ke ɓacewa a hanya, gama hanyar ruwa ta ƙasa ita ma tana shan rabonta, musamman in ta bi ta rairayi.

Ga amfanin wannan lissafi. Mutane da yawa su kan dubi rijiya cikin Nuwamba, su gan ta cike, su shuka lambu iyakar ganinsu. Ran da Maris ya kama, bukata ta ƙaru da rabi, rijiya kuwa ta ragu. A nan faɗa ke tashi, kowa na zargin ɗan'uwansa, alhali kuwa laifin tun ran shuka aka yi shi. Ku auna faɗin lambunku da ruwan watan da rijiya ta fi ƙaranci. Fangali 10 da suka ƙoshi sun fi 20 masu ƙishirwa kawo kuɗi.

Yaya za ku san halin rijiyarku? Ku sami igiya, ku ƙulla ta mita mita, ku ɗaura dutse a bakinta. Ran ɗaya ga ko wane wata, da sassafe kafin a ja ruwa, ku zura ta ku ga a ƙulli na nawa ta taɓa ruwa, ku rubuta. In kun yi haka shekara biyu, littafinku zai gaya muku faɗin da za ku shuka tun kafin ku sayi iri.

YAUSHE A KE BA DA RUWA

Lokaci biyu suka fi kyau: daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, da daga la'asar zuwa faɗuwar rana. A waɗannan lokatai rana ba ta da ƙarfi, ruwa ya kan sami damar nutsewa zuwa saiwa. Waɗansu su kan ce ruwan tsakar rana yana ƙona ganye. Ba haka ba ne, illarsa dai ita ce rana da iska su kan kwashe kashi mai yawa kafin shuka ta sha. Saboda haka in shuka na mutuwa da azahar, ku ba ta, kada ku jira la'asar. Amma kada wannan ya zama al'ada.

Ku zuba ruwa a gindi, ku bar ganye a bushe, balle da yamma. Ganyen tumatir ko na albasa da ya kwana a jiƙe shi ne cuta ke saurin kamawa.

Ruwa mai yawa bayan kwana biyu ko uku ya fi yayyafi kullum. In kuna jiƙa fuskar ƙasa kaɗai, saiwa ba za ta nutse ba, sai ta tsaya sama tana jira, ran da kuka makara kuwa ta bushe. Amma ku lura da irin ƙasarku. Laka tana riƙe ruwa, ta iya kai kwana huɗu ko biyar da ɗari. Jigawa kamar rariya ta ke, sai a ba ta kaɗan kaɗan, a kai a kai.

Ga gwaji mai sauƙi, ba ya cin ko kwabo. Ku tona gefen shuka zurfin tafin hannu, ku ɗebo ƙasa, ku dunƙule. In ta watse, shuka na jin ƙishirwa. In ta dunƙulu ta tsaya, akwai sauran laima, ku ba na gaba. In ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa. Ku sani saiwa na numfashi kamar ku. Fangalin da ruwa ya kwana biyu a ciki, sai ku ga ganye ya yi rawaya ya yi yaushi, mai shi ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, ya ƙarasa kashe shukarsa.

Abu uku ke rage wa lambu shan ruwa. Na fari takin dabbobi da ya ruɓe, domin ƙasa mai taki ta fi riƙe laima. Na biyu rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi. Na uku darni na kara ta gabas da arewa, inda iskar hunturu ke fitowa, gama iskar nan, ko da ya ke tana da sanyi, tana busad da ƙasa ƙwarai. Sa'an nan ku daidaita cikin fangali ya kwanta sosai. In gefe ɗaya ya fi tudu, rabi zai nutse, rabi ya bushe.

KO WACE SHUKA DA HALINTA

Iri da a ke reno kafin dashe jariri ne. A ba shi ruwa kaɗan safe da yamma, da gwangwani mai ƙananan huji, don kada ƙarfin ruwa ya tone shi. In ruwa ya yi masa yawa, sai ku ga ya ruɓe daga gindi ya faɗi. Kwanaki kaɗan kafin a cire shi a rage masa ruwa don ya yi ƙwari. A yi dashe da yamma, a ba shi ruwa nan take, a riƙa ba shi kullum har ya kama, kamar mako guda.

Albasa saiwarta gajeriya ce, da kyar ta ke wuce tsawon tafin hannu da rabi, don haka ba ta jure dogon jira. Ta fi bukatar ruwa sa'ad da ta ke yin kai. Amma in ta ƙosa, ganye ya soma kwantawa, a yanke mata ruwa kamar mako biyu kafin a cire. Albasar da aka ba ruwa har ran cira tana da nauyi a buhu, amma ba ta ajiyuwa, sai ta ruɓe a rumbu tun kafin ta yi tsada. Albasar Galmi ta ƙasar Nijar da ta Aliyaro ta ƙasar Kabi sun yi suna har ƙasashen bakin teku, albasa kuwa ba ta yin irin wannan tafiya sai ta bushe sosai. Tafarnuwa ma haka ta ke.

Tumatir saiwarsa ta fi zurfi, amma ba ya son a yi masa wasa. In aka bar shi ya bushe sa'an nan aka cika shi da ruwa, 'ya'yan su kan tsage, waɗansu kuma gindinsu ya yi baƙi. Tattasai da attaruhu in sun ji ƙishirwa lokacin fure sai su zubad da furen. Latas da alayyafo da kabeji ganye a ke ci, kada a bar su su yi yaushi.

Saboda wannan, ku yi shawara tun kafin shuka. Masu albasa su yi layi ɗaya, masu tumatir su yi layi ɗaya, kuma a yi dashe cikin mako guda. In ko wane ya shuka abin da ya ga dama ran da ya ga dama, ba wani tsari da zai gamshe ku.

RABON KWANA

Yanzu mun zo kan gindin magana. Wannan matsala ba a kanku aka fara ta ba, ko'ina a ke noman rani an sha fama da ita. A ƙasar Panjab, cikin Indiya da Pakistan, sun ɗauki sa'o'i 168 na mako sun raba wa manoma, ko wane gwargwadon faɗin gonarsa, an rubuta, kowa ya san ranarsa da sa'arsa. A ƙasar Oman, dā da inuwar sanda su ke auna rabon ruwa da rana, da dare kuwa da fitowar taurari. A birnin Balansiya na ƙasar Sifen, manoma na da kotun ruwa tasu, wadda ke zama ran Alhamis da tsakar rana a bainar jama'a, ta yanke hukunci da baki, an yi ɗaruruwan shekaru ana haka. Ku tambayi malamanku kuma, za su gaya muku shari'a ba ta bar wannan babi ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a kan rafukan Madina, inda aka ba na sama izni ya tare ruwa zuwa idon sawu, daga nan ya sakar wa na ƙasa. Ashe na sama yana da haƙƙi, amma haƙƙin nan yana da iyaka.

Mun kuwa ga abin da ke faruwa in an manta da na ƙasa. Bayan an gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ambaliyar da ke jiƙa fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu, manoma da yawa suka rasa shinkafarsu da noman raninsu. Abin da ya faru a babban gulbi shi ke faruwa a lambu, tsakanin mai fangali a bakin rijiya da mai fangali a ƙarshen hanya.

Ga tsarin da na ke ba ku shawara, ku gyara shi yadda ya dace da ku. Ku 12 ku kasu uku, huɗu huɗu. Kashi na fari su yi ban ruwa Asabar da Talata. Na biyu Lahadi da Laraba. Na uku Litinin da Alhamis. A ko wace rana mutum biyu su yi da safe, biyu da yamma, mako mai zuwa a juya, na safe su koma yamma. Ran Jumma'a a ba iri da sabon dashe kaɗai, a taru a gyara hanyar ruwa da shinge kafin masallaci, rijiya kuma ta huta ta taru. In bazara ta yi tsanani, ku koma kashi biyu, shida shida, ko wane kashi ya sha yau ya huta gobe, a rage wa kowa tsawon lokacinsa.

Sai ku riƙe waɗannan dokoki.

1. A raba lokaci bisa yawan fangali. Mai 10 ba zai sami lokacin mai 20 ba.

2. Wanda ke nesa da rijiya a ƙara masa 'yan mintoci, domin kafin ruwa ya kai gare shi hanya ta sha nata. In da hali ku sayi tiyo ku huta da wannan hasara.

3. Wannan mako a fara daga bakin rijiya, mako mai zuwa a fara daga ƙarshe. Kada mutum ɗaya ya zama shi ne kullum ke samun ragowa.

4. Sabon dashe da iri suna gaba da kome. Mai su ya sami ɗan rabo kullum, ko ba ranarsa ba ce.

5. Wanda zai tafi kasuwa ko biki ya yi musanya da wani tun jiya, a gaban shaida. Wanda ya ƙi zuwa ba dalili, ranarsa ta wuce.

6. Wanda ciwo ya kwantar, ko aka yi masa rasuwa, 'yan kashinsa su ba shukarsa ruwa. Ba a biyan wannan da kuɗi, gama yau gare shi, gobe gare ku.

7. Wanda ya fasa hanya ya karkatad da ruwa a ranar wani, a ci shi tara, a kuma mayar wa wanda aka zalunta lokacinsa daga rabon mai laifi.

8. In ruwa ya gaza, kowa ya rage daidai da kowa. Kada a ce wane babba ne.

Ku zaɓi mutum ɗaya mai gaskiya, wanda ba ya tsoron faɗinta, ya zama wakilin ruwa. Kyawunta ya fito daga cikin masu fangali a ƙarshen hanya, domin wanda ruwa ke isa gare shi daga baya ya fi kowa lura da ɓarna. Ƙara ta fara zuwa gare shi. In ta gagare shi a tara jama'ar lambu ran Jumma'a. In ta gagare su, sa'an nan a kai gaban mai unguwa. Kada ku bar ƙaramar magana ta kwana uku, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

INJI DA KUƊI

Tun da aka janye tallafin fetur cikin Mayu 2023, mai ya yi tsada ninkin ba ninkin, ban ruwa da inji ya zama abin lissafi. Kowa ya zo da mansa a ranarsa, wannan ya fi rage zargi. Kuɗin gyara kuwa da na baƙin mai, a riƙa tara su tun inji na da lafiya, ko wane bisa yawan fangalinsa, a ba ma'aji, magatakarda ya rubuta. Inji ba ya sallama kafin ya lalace. In ya tsaya cikin Afrilu sa'an nan aka soma bin mutane gida gida, kafin kuɗi su taru lambu ya ƙone, ya zama rijiya ta bayar guga ya hana. Kada kuma ku yar da jigo da guga, su ne za su riƙe muku iri kafin makaniki ya zo.

Ƙaramin injin nan ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8. In kun ji yana jan iska, ku kashe shi, ku bar rijiya ta taru. Masu injin hasken rana kuwa, shi da tsakar rana ya fi ƙarfi. Ku gina masa kwarmin siminti ko ku sa tanki a kan tudu, ya cika da rana, ku saki ruwan da la'asar.

LAFIYA DA ZAMAN LAFIYA

Ruwan sha yana gaba da ruwan shuka. In mace ta zo da tulu, ko matafiyi da ƙishirwa, a ba su. Ku keɓe wurin shayad da dabbobi a bayan shinge, ku yi magana da makiyaya tun kaka, kafin ƙafar saniya ta shiga fangali.

Kada ku bar ruwa ya kwanta kewaye da rijiya, nan sauro ke haihuwa. Ku hana yara wanka da fitsari cikin kududdufi, gama ta nan tsargiya ke yaɗuwa. Kurkunu, wanda dā ya kan kwantad da manoma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙarewarsa a Nijeriya da Nijar a 2013, da tsabtar ruwan sha aka ci shi. Kada a wanke kwalbar maganin ƙwari ko abin feshi a bakin rijiya. Kada kuma wani ya shiga rijiya ko rami mai zurfi inji na aiki a ciki, hayaƙinsa na kisa ba tare da mutum ya farga ba. Ku yi wa rijiya baki da murfi saboda yara.

Akwai kuma abin da kun fi ni sani. Daga wajen 2019 'yan bindiga suka addabi ƙasar Sabon Birni da ta Isa, mutane da yawa suka bar garuruwansu, waɗansu har ƙasar Maraɗi. Saboda haka kada a sa wa kowa rabon dare. A tafi lambu tare, a komo tare kafin magariba, lambun kuma ya zama kusa da gari. In rana ta ɓaci ba a fita ba, gobe a fara da waɗanda suka rasa, kowa ya matsa gaba da kwana ɗaya. Baƙon da tashin hankali ya kawo muku, in da wuri ku ba shi fangali ko biyar, ku sa sunansa cikin rabo. Wanda ke cin gumin kansa ya fi kwanciyar rai.

KU RUBUTA

Abin da ya rage shi ne ku yi aiki da karatunku. Ku sayi littafin rubutu. A shafin fari ku sa sunayenku da yawan fangalin kowa. A na biyu ranaku da lokatai. A na uku dokokin da kuka yarda da su, kowa ya sa hannu, wanda bai iya ba tukuna ya dangwala yatsa. Daga nan sai kuɗin shiga da na fita, da awon rijiya wata wata. Ku kwafi ranakun a allo ku rataye a ƙofar lambu. Ran Jumma'ar farko ta ko wane wata a karanta littafin da ƙarfi, kowa ya ji. Magana ta baki kowa na tuna ta yadda ta yi masa daɗi, amma ta takarda yadda aka bar ta haka za a tarad da ita.

Iyakar abin da na ke da shi ke nan. Ku kai wa waɗanda ba su zo ba, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya cika rijiyoyinmu, Ya zaunad da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalamu.